Inda Mantuwa Ke Taruwa

Mu uku a teburin Hudu mai shayi, bayan Taminus,
sanyin Jos na cizon yatsu,
littafi na huɗu na Maƙeran Iska a tsakiyarmu,
bangonsa ya sha hannu, ya sha maiƙon wainar ƙwai.
Na biyar kuwa shekara shida muna zuba ido,
marubucin shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Tasi'u mai gyaran waya ya ce ya kamo bakin zaren:
tsohuwar nan mai tallan gishiri a babi na biyu,
ita ce sarauniyar da aka ce ta faɗa rijiya.
"Ku dubi hannunta na hagu, yatsu huɗu!
Wa ƙofar birni ta datse tun tana goye?"
Ya daki tebur, shayin Chundung ya yi tsalle.

Ita Chundung ba ruwanta da gadon sarauta,
duwatsu take karanta a jami'a,
taswirar bangon baya ce ta hana ta barci.
Ta ce kogi ba ya hawan tudu,
sai dai in tudun ne baƙo,
da tsafi aka ciro shi daga wata ƙasa aka dasa.
Shi ya sa tsuntsu bai taɓa sauka a kansa ba,
littafi huɗu cur.
Ta ƙirga. Ko ɗaya.

Hudu na sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi,
bai taɓa buɗe shafi ba, amma ya san kowa.
Ya ce, "Ni dai maƙerin nan mai ido ɗaya,
ba zan ba shi bashi ba."

Abu guda muka yarda da shi duka:
a can ba a kiran iska a kyauta.
Wanda duk ya ƙera guguwa da bakinsa
zai biya da wani abin da ya sani,
sunan ƙanwarsa, ko hanyar gida,
ko ɗanɗanon miyar tsohuwarsa.
Gardamar ita ce, in an biya, ina yake zuwa?
Tasi'u ya ce iska ke lashewa, kamar kati a waya.
Chundung ta ce ƙasa ba ta ɓatar da komai,
kama kawai yake sauyawa.

Ni ma da tawa, na dai riƙe ta a baki.
Shafi na ɗari uku da tara akwai wani tafki,
koren ruwa, babu kifi, ba a ba shi suna ba.
Jaruma ta kurɓa sau ɗaya ta hau kuka,
ba a ce me ya sa ba, aka wuce.
Ni na ce can suke gangarawa,
sunaye da hanyoyi da miya,
suna kwance a ƙasan ruwa, ba su ruɓe ba.

Kakana ya yi shekara talatin yana haƙar kuza a Bukur.
Ramukan da suka bari duk sun cika,
koren ruwa, shiru, ana hana yara zuwa.
Yanzu yana zaune a soro a Gangare,
jiya ya tambaye ni wa ya gina gidan nan.
Shi ya gina.
Ban san wace guguwa ya tare mana ba
da aka caje shi haka.

Abin da nake nema a littafi na biyar kaɗan ne:
wani ya tuɓe riga, ya ja numfashi, ya nutse.

Tasi'u ya ce, "Kai fa, ka yi gum?"
Na ce ina bayan Chundung a zancen tsuntsaye.

Da na koma gida ya ɗago kai, "Wane ne?"
Na ce Haladu.
Ya juya sunan a baki kamar sabon goro,
ya ce, "Ya yi daɗi. Wa ya raɗa maka?"